Yadda ake gane ruwa ya shiga man giya, a fitar da shi, a kuma kula da sarƙa

Mai babur ko mai ƙafa-uku a Damagaram ba kasafai yake manta juyen baƙin man inji ba, don kowane bakanike yana tuna masa. Wanda ake mantawa da shi shi ne ɗan man da ke kulle cikin akwatunan giya, wanda ba a ganinsa, ba ya kuma ƙonewa balle a ce ya ragu. Mutum ya yi shekara biyu bai buɗe ba, har ranar da zai fara jin kuka daga baya, sannan a buɗe a tarar da tsatsa ta ci haƙora. Mafi yawan irin wannan ɓarna ruwa ne ya jawo ta, kuma ruwan ya shiga tun cikin damina, tsakanin Yuni da Satumba, musamman a Agusta lokacin da kwari ke cika a hanyoyin Mirya, Magarya da Matamai, ruwa kuma ya kwanta a lungunan cikin gari.

A ƙasashen sanyi irin su Kanada da Finlan akwai abin hawa mai gudu a kan dusar ƙanƙara, irin su Ski-Doo da Polaris. Yana da rufaffen akwati na alminiyam inda sarƙa ke juyawa cikin man da bai kai rabin lita ba. Masu shi sun saba su zubar da wannan mai duk shekara, galibi da ƙarewar sanyi kafin a ajiye abin hawan, ko da bai yi wata tafiya mai nisa ba, saboda sun san danshi na taruwa a ciki. Wannan tsari nake so mu ɗauka: man akwatin giya yana da lissafin kilomita, amma yana da lissafin yanayi ma, kuma namu yanayin shi ne damina.

Fara sanin akwatunan da ke jikin abin hawanka

Babur mai giya, irin na 'yan kabu-kabu, mai ɗaya ne ke yi wa inji da kuloci da giya hidima gaba ɗaya. In ruwa ya shiga, duka ukun ya shafa. Babur maras giya, wato sikuta, yana da man inji, sannan a jikin tayar baya akwai wani ƙaramin akwati da ke ɗaukar mililita 100 zuwa 130 ko kusa da haka. Da yawa daga masu sikuta ba su ma san da shi ba.

Ƙafa-uku na ɗaukar kaya shi ya fi yawan wurare: inji, akwatin giyar komawa baya, sandar kardan mai kai juyi zuwa baya, sai ƙullutun da ke tsakanin tayoyin baya biyu, wanda kanikawa ke kira pon. Adaidaita kuwa injinta a baya yake, kusa da ƙasa, da sanduna biyu masu rigar roba da ke kai juyi ga tayoyi. Ka zagaya abin hawanka ka ƙirga notin zuba mai da notin juye na kowane akwati. In kana da littafin da ya zo da shi, duba irin mai da yawansa. Abin da littafin ya ce ya fi duk wani adadi da za ka gani a nan.

Ta ina ruwan ke shiga?

Babu akwatin giyar da yake a rufe ruf. Kowanne yana da ɗan hancin shan iska a sama, ko ƙaramin bututu, don in mai ya yi zafi iskar ciki ta sami hanyar fita. Ga inda matsalar take. Ka taso daga kasuwar Dole da kaya, pon ya yi zafi, iskar cikinsa ta kumbura ta fita. Sai ka faɗa cikin ruwa mai sanyi. Nan take ƙarfen ya huce, iskar da ta rage ta tsuke, akwatin ya nemi abin da zai cike gurbi. In hancin yana ƙarƙashin ruwa, ruwa zai zuƙa. In hancin ya toshe, zai zuƙa ta bakin robar da ke tare mai a jikin sandar taya. Shi ya sa mutum zai rantse cewa akwatinsa ba ya yoyo ko ɗigo ɗaya, amma a buɗe a ga ruwa: robar an yi ta ne don ta hana mai fita, ƙarfinta wajen hana ruwa shiga kaɗan ne.

Hanya ta biyu ita ce wanki da injin fesa ruwa mai ƙarfi. In yaro ya ɗora bakin tiyo a kan roba ko hancin iska, ya tura ruwa ciki da hannunsa.

Ta uku raɓa ce ta cikin akwati. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙarfe na yin sanyi da asuba, tururin da ke ciki ya koma ɗigon ruwa. A inji abin ya fi yawa, don ƙonewar lita ɗaya ta fetur tana haifar da kusan lita ɗaya ta ruwa a matsayin tururi. Yawancinsa na fita ta salansa, amma kaɗan na zurarewa ƙasa cikin mai. Wanda tafiyarsa daga gida zuwa shago ce kawai, minti biyar, injinsa ba ya yin zafin da zai kori wannan danshi.

Sai man da aka saya a buɗaɗɗen galan ko kwalbar da ta kwana a waje. Sai kuma ƙafa-uku mai lagireto, inda ruwan sanyaya inji zai iya tsallakawa cikin mai in juwan ɗin kan inji, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone ko robar famfon ruwa ta ci.

Dubawa

Ajiye abin hawa a wuri mai daidai, ba gangare ba. Goge kewayen notin kafin ka taɓa shi, don yashin da ke wurin ciki zai faɗa.

Ɗebo ɗan mai da ma'auni, ko da tsinke mai tsabta in akwatin ba shi da ma'auni, ka ɗiga a kan farar takarda ko murfin kwalba, ka kai hasken rana. Lafiyayyen mai, ko ya yi duhu, garau yake, haske na ratsa shi. Man da ya sha ruwa yana komawa kalar shayi da madara, ba a ganin komai ta cikinsa, wani lokaci da kumfa. In ka ga mai ya ƙaru a ma'auni alhali ba ka ƙara ba, wani abu ne ya shiga: ko ruwa, ko fetur daga kafireta. Hanci zai raba maka gardama.

Akwai gwaji biyu da ke kama ruwan da ido bai gani ba. Na farko, bar abin hawan ya kwana ba a motsa shi ba. Da safe sassauta notin juye kaɗan-kaɗan ba tare da ka cire shi ba. Ruwa ya fi mai nauyi, yana kwanciya a ƙasa, don haka in akwai shi, shi zai fara ɗigowa fari tas kafin mai. Na biyu, ɗora tsohon murfin gwangwani ko guntun ƙarfe a kan garwashi har ya yi zafin da ɗigon ruwa zai yi tsalle a kansa, ka sauke, ka ɗiga mai ɗigo ɗaya ko biyu. Man da ba ruwa zai bazu ya yi hayaƙi shiru. Mai ruwa zai yi ƙara tas-tas yana tartsatsi. Kawar da fuskarka, kuma ka yi nesa da fetur.

Wani abu da ke tsorata mutane ba dalili: ɗan farin maiƙo a ƙarƙashin murfin zuba mai da sanyin hunturu, alhali man da ke ma'auni garau yake. Wannan raɓa ce kawai. Maganinta tafiyar rabin awa ba tsayawa, inji ya yi zafi sosai. Amma kada ka yi wa pon wannan fata. Shi ba ya samun irin zafin inji a zirga-zirgar cikin gari, ruwan da ya shige shi yana nan zaune har sai an juye.

Juyewa

Tanadi kile daidai da noti, tsohuwar roba ta tarar mai, tsumma, mazurari, babban sirinji ko gora mai tiyo don wuraren da mazurari ba ya kaiwa, sabon zoben noti, da mai ninki biyu na abin da akwatin ke ɗauka, don za a yi ɗauraya.

Da farko, in ruwan kaɗan ne, yi tafiyar minti biyar zuwa goma don mai ya saki. In man inji ne kuma ya yi fari sosai, kada ka tayar. Juye shi a sanyinsa.

Na biyu, kwance notin zuba mai kafin na juye. Wannan ƙa'ida ce da ba a tsallakewa a pon da akwatin sikuta. In ka zubar da mai sannan ka tarar notin sama ya ciza ya ƙi fita, ka zauna da akwati wayam.

Na uku, cire notin ƙasa, ka bar shi ya tsiyaye sosai, minti goma sha biyar ko fiye. Karkata babur hagu da dama. Kada ka yi gaggawa a nan, don ruwan da ya gauraya da mai yana da kauri, a hankali yake saukowa.

Na huɗu, karanta abin da ya fito. Noti da yawa suna da maganaɗisu a kansu. Laushin toka-toka mai kama da ƙullu a jikinsa ba abin damuwa ba ne, cin yau da kullum ne. Ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli da kake ji da yatsa, ko guntun haƙori, ko mai mai jan tsatsa, wannan aikin ya wuce juye: a buɗe akwatin a duba haƙora da boris, wato zoben ƙwallayen ƙarfe da sanda ke juyawa a cikinsa. Boris ne ke fara mutuwa, domin ruwa na kwana a kan ƙwallayensa ya bar musu ƙananan ramuka, su kuma ramukan su ne kukan da kake ji yana ƙaruwa da gudu.

Na biyar, ɗauraya. Mayar da noti, zuba sabon mai irin wanda ya dace, yi tafiyar minti goma zuwa goma sha biyar ba kaya, ka dawo ka juye da zafinsa. In ya fito da sauran fari, sake. Na san mai kuɗi ne, kuma zubar da man da bai yi rabin awa a ciki ba yana da ciwo, amma ka kwatanta da kuɗin haƙoran pon da kwanakin da za ka yi ba aiki. Wasu na ɗauraya da gazuwal. A inji ban yarda da shi ba sam. A pon, in dole ta sa, a ɗaga tayoyin baya a juya su da hannu kawai, a tsiyaye tas, sannan a bi da ɗaurayar mai. Fetur kuwa ba ya shiga ko'ina: yana busar da roba, ga haɗarin wuta.

Na shida, zuba na ƙarshe. Sa sabon zobe a noti, fara ɗaura shi da yatsu har ya zauna kafin ka sa kile, sannan ka matse daidai. Jikin inji alminiyam ne, in ka hau kile da ƙafa zaren zai tsige. A pon, galibi ma'aunin shi ne bakin ramin zubawa: ka zuba har mai ya fara leƙowa, ka dakata ya daina zuba, ka rufe. Cikawa fiye da haka na sa kumfa da zafi, ya tura mai ta roba zuwa kan birki.

Game da irin mai: injin babur mai kuloci a cikin mai yana son man 4T, 20W-50 ko 10W-40, mai alamar JASO MA ko MA2 a jikin gora, ƙananan babura na ɗaukar kusan lita ɗaya. Man mota na iya sa kuloci santsi. Pon yana son man giya mai kauri, 80W-90 ko 85W-140 mai alamar GL-5. Wasu akwatunan giya masu sassan tagulla GL-4 suke so. Man giya ba ya shiga inji ko da wasa. Sayi gora mai hatimi a rufe, ka buɗe da hannunka.

Toshe ƙofar da ruwan ya bi

In ka tsaya a juye kawai, ruwan sama na gaba zai mayar da kai inda ka fito. Nemo hancin iskar kowane akwati, ka cire ka busa. Laka na toshe shi, ƙurar hunturu na toshe shi, har zanzaro na gina gida a bakin bututun abin hawan da ya daɗe a ajiye. A ƙafa-uku na kaya akwai dabara mai arha da nake ba kowa shawara: sa tiyon fetur a bakin hancin pon, ɗaure shi da waya, ja shi sama ƙarƙashin bodi, ka lanƙwasa bakinsa ya kalli ƙasa. Bar masa sassauci don pon na hawa da sauka. Yanzu ko ruwa ya rufe pon, iska zai shaƙa.

Duba robobin mai. Duk inda ka ga jiƙaƙƙiyar ƙura ta manne, a bayan pinyo (ƙaramin faifan haƙoran sarƙa na jikin inji), a cikin tayar baya, ko inda kardan ke shiga pon, robar wurin ta gaji, a sauya. In sabuwar roba ta sake yoyo cikin ɗan lokaci, boris ɗin bayanta ne ke rawa, ko sandar ta yi zobe.

In farin mai ya dawo a inji mai lagireto ba tare da ka shiga ruwa ba, kuma ruwan lagireto na raguwa, daina juye-juye, kai wa bakanike ya duba juwan da famfo.

Sannan halin tuƙi. Ruwan da ya kai tsakiyar taya ya kai bakin robobi. In dole ne ka ƙetare, tsaya minti goma zuwa goma sha biyar ƙarfe ya huce, ka bi a giya ɗaya a hankali ba tsayawa, bayan ka fita ka taka birki sama-sama har ya bushe. Ruwa mai gudu a kwari kuwa ba a gwada shi, don Allah a jira ya janye. Daminar 2024, wadda ta rushe tsohon masallacin Birni a farkon Satumba, ta nuna mana ƙarfin ruwa a garin nan.

In inji ya mutu cikin ruwa

Kada ka buga, kada ka danna sitata. Ruwa ba ya matsuwa. In ya cika kan fistan ka tilasta, sandar fistan za ta lanƙwashe. Tura shi waje. Cire buji, buga sau da yawa ruwan ya feso ta ramin. Cire matatar iska ka matse ko ka sauya. Kwance ɗan notin ƙasan kafireta fetur mai ruwa ya zube. Juye mai, sa sabo, sannan ka tayar, ka bi da ɗauraya kamar yadda aka faɗa. A yi wannan a ranar, don tsatsa ba ta jiran mako.

Sarƙa

Sarƙar babur a nan ba ta hutawa: wata takwas yashi, wata huɗu laka. In baburinka ya zo da murfin sarƙa, bar shi. Matasa na cirewa don ado ko don yana ƙara, amma a ƙasar yashi shi ne ke tsawaita ran sarƙa. Abin lura kawai, ƙasansa na tara ruwa da taɓo da damina, sai a riƙa buɗewa ana kwashewa, a tabbatar ramin tsiyayarsa a buɗe yake.

Ɗora babur a kan tsayuwar tsakiya, inji a kashe. Ina nanatawa, a kashe. Masu goge sarƙa da tsumma inji na juyawa a giya suna rasa yatsu, kuma abu ne na ƙiftawar ido. Juya taya da hannu.

Wanke da kananzir da tsohon buroshi, goge da tsumma, bar ta ta bushe. Ɗiga man giya 80W-90 ko man sarƙa na feshi a gefen ciki na layin ƙasa, kana juya taya, don juyi ya tura man cikin gaɓoɓi. Jira kaɗan, sannan ka goge na waje tas. Man da ke cikin gaɓa shi ke aiki. Wanda ya rage a waje yashi yake kamawa, yashin kuma ya ci ƙarfe. Saboda haka ne ba na son giris mai kauri a buɗaɗɗiyar sarƙa, ba na kuma son tsohon man juye, don cike yake da ɓarɓashin ƙarfe. Yi haka duk kilomita 500 ko kusa, da kuma duk ranar da ruwa ya dake ka.

Sai sassauci. Juya taya ka nemo inda sarƙa ta fi tsauri, don ba ta cin daidai ko'ina. A tsakiyar layin ƙasa, tura ta sama da ƙasa: milimita 20 zuwa 30 ake so a yawancin ƙananan babura. Sassauta babban notin taya, juya notocin ja na hagu da dama daidai da juna kana duban zanen da ke jikin ƙarfe, matse babban noti, sake aunawa, sannan ka gyara birkin baya don jan taya na sauya shi. Ɗan kabu-kabu ya sa wani ya zauna a baya ya sake taɓawa, don nauyi na ƙara ɗaure sarƙa. Sarƙar da aka ɗaure tamau tana jan sandar pinyo, ta kashe boris, ta buɗe bakin roba, kuma ta nan ne mai ke fita ruwa ke shiga inji.

Don sanin ko ta ƙare, kama ta a bayan babban faifan haƙora ka ja baya. In ta ɗago har ka ga rabin haƙori, ta tafi. Haƙoran da suka yi tsini ko suka karkata gefe ɗaya su ma sun tafi. Sauya sarƙa da pinyo da babban faifai tare; sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora ba ta daɗewa. Wajen sa makullin sarƙa, rufaffen kansa ya kalli inda sarƙa ke tafiya. Tunda an cire taya, leƙa robobin da ke cikin cibiyarta. In sun murƙushe, su ne ke sa babur fizga in ka saki kuloci.

Kardan da rigunan roba

A ƙafa-uku, kama sandar kardan ka girgiza. In tana ƙwas-ƙwas, gaɓarta ta ci. In tana da kan giris, buga giris har sabo ya turo tsohon waje tare da ruwan da ke ciki. A adaidaita, duba rigunan roba na sandunan baya duk mako; wadda ta tsage a sauya ta nan da nan, a wanke ciki a sa sabon giris.

Ga yadda zan raba shekara. A watan Mayu, kafin ruwa ya sauka, duba hancin iska da robobi, sa tiyon pon. Cikin damina, leƙa kalar mai duk mako, da kuma washegarin duk ranar da ka shiga ruwa mai zurfi. A Oktoba, da ɗaukewar ruwa, juye man pon da na akwatin komawa baya da na sikuta ko da kalarsu ba ta sauya ba. Abin hawan da za a ajiye wata da watanni a juye masa kafin ajiya, kada a bari sai ranar ɗauka.

Man da ka juye kuma ka tara shi a jarka mai murfi ka kai gareji. Kada ka zuba a lambatu, ko bakin tafki, ko kusa da rijiya, kuma jarkar da ta taɓa ɗaukarsa kada ta koma ɗibar ruwan sha.